Maganin da ke cinye jinin yaro

Yaro ya kamu da cutar Kawasaki, wadda likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967: zazzaɓi ya ƙi sauka, idanu sun yi jajir, leɓe ya tsattsage. A ɗaura masa ruwan IVIG, zazzaɓi ya sauka, hankalin iyaye ya kwanta. Bayan 'yan kwanaki sai yaron ya ɗashe, fitsarinsa ya yi duhu, shawara ta bayyana. A auna jini a tarar ya ragu ƙwarai, alhali babu inda ya zuba. Ina ya tafi?

IVIG sinadaran garkuwar jiki ne da ake tacewa daga ruwan jinin dubban mutane. Tun bayan wani gwaji da aka yi a Amurka a 1991 ake ba mai Kawasaki giram 2 kan kowane kilo na nauyinsa a lokaci guda, don kare jijiyoyin zuciyarsa. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne a jikin ɗan wata shida.

Bakin zaren ya fito ne daga rukunin jini. Da wuya abin ya sami yaro mai rukunin O. Masu A, B da AB ne yake kayarwa. Dalili kuwa, a cikin dubban da suka ba da jinin akwai masu rukunin O da yawa, kuma jikinsu na ɗauke da garkuwar da ke yaƙar A da B. Ita ce ke biyo maganin, ta manne wa jajayen ƙwayoyin jinin yaron, saifa ta ɗauke su a matsayin baƙi ta hallaka su. Gwajin Coombs yana nuna garkuwar manne a jikin ƙwayoyin. Kumburin da cutar ta riga ta tayar a jiki yana ƙara rura wutar.

Sai dai wannan bai warware komai da komai ba. An shekara da shekaru ana ba da maganin, matsalar jefi-jefi ce. Me ya sa rahotanni suka yi yawa daga wajen 2007?

Amsar tana masana'anta, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Tsohuwar hanyar tacewa ta Edwin Cohn, wadda ya ƙirƙiro a Harvard lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da barasa mai sanyi take aiki. Tana da ɓarna, tana zubar da garkuwa mai amfani, amma cikin abin da take zubarwa har da kaso mai yawa na masu yaƙar A da B. Da kamfanoni suka koma sababbin hanyoyi masu tattali, sai suka samu ƙarin magani daga kowace litar ruwan jini, suka kuma tsira da abin da Cohn ke watsarwa ba da niyya ba. Garin gyaran gira aka taɓa ido.

Hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta tara masana kan batun a 2014. Kamfanin CSL Behring, mai yin wani nau'in IVIG da ake kira Privigen, ya fara ware masu ba da jinin da garkuwarsu ta yi ƙarfi, daga baya ya ƙara matakin tacewa da ke kama waɗannan sinadarai kaɗai, rahotanni suka ragu. Ba su ƙare ba. Shi ya sa har yau likitoci ke sake auna jinin yaro mai A, B ko AB cikin kwanaki goman da ke biye da ƙarin ruwan, musamman wanda zazzaɓinsa ya dawo aka ba shi karo na biyu.