Zango Huɗu a Kan Sawun Dokta Mamman Shata

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Babu ɗan ƙasar Kankiya da bai taso da muryar Alhaji Mamman Shata a kunnensa ba, amma kaɗan ne daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Legas suka taɓa taka ƙafa zuwa inda mutumin nan ya zauna, alhali kuwa mahaifarsa maƙwabciyarmu ce. Mu tsofaffin malamai mun taɓa cika mota da guzuri da tabarmi muka bi sawunsa, kuma abin da tafiyar ta koya mana muke son mu bar wa na baya.

Zango na farko shi ne Musawa, kudu da mu, inda aka haife shi a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar waƙa a matsayin roƙo, kuma gidansu ba gidan roƙo ba ne. Yaron ya yi tallan goro, ya yi na alewa, yana rera waƙa a kasuwa da dandali ba don a ba shi ko anini ba. Duk wanda ya tsaya a Musawa zai gane cewa wannan murya da ta zagaye Afirka ta Yamma daga ƙasa irin ta Sukuntuni ta fito, ƙasar gero da dawa da auduga.

Zango na biyu Bakori ne, inda ya zauna a ƙarƙashin inuwar ubangidansa Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa. Daga nan yake fita da makaɗansa na kalangu zuwa Katsina da Kano, har tauraronsa ya haska a Bikin 'Yan Sarki da aka yi a Kano a 1952.

Zango na uku Funtuwa, garin da ya koma a 1960 ya kafa gida, ya yi kusan shekara arba'in a cikinsa. Duk da haka bai yanke igiyar gida ba, domin a shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, tun muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Ashe ke nan mai Bakandamiya ya taɓa zama a majalisar da ke yanke shawara kan rijiyoyinmu da makarantunmu. A 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta, shi da bai taɓa zama a benci a gabanmu ba.

Zango na ƙarshe Daura. Allah Ya yi masa rasuwa a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi birnin masoyinsa, Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can.

To, mene ne darasin? A Amurka, tun 1982 aka buɗe Graceland, gidan mawaƙi Elvis Presley, ga masu ziyara, har wasu kan zo daga nesa cikin motoci masu gado da madafa, su kwana a kusa da shi. A Legas ma an mayar da gidan Fela gidan tarihi a 2012. Mu kuwa, a ko'ina muka yi zango, abin da ya fi ginin daraja shi ne dattawan da muka tarar a bakin zaure, waɗanda suka ga Shata da idonsu, suka san dalilin waƙa kaza da wanda aka yi wa ita. Waɗannan su ne gidan tarihinmu, kuma kullum raguwa suke yi. Ga matsalar tsaro ta shekarun nan ta sa da yawa daga cikinmu sun rage zuwa gida. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi namijin ƙoƙari da littafinsu Shata Ikon Allah! na 2006, amma littafi ɗaya ba ya kwashe abin da ke cikin ƙirjin tsofaffi.

Saboda haka muna kira ga wannan ƙungiya mai albarka: idan hanya ta yi kyau, wanda ya zo hutun salla ya ɗauki 'ya'yansa ya kai su Musawa. A yi sallama da ladabi, domin gidajen iyali ne, a nemi izini, a zauna gaban dattawa a naɗi maganarsu ko da a waya ce. Haka kuma a yi wa namu tsofaffin makaɗa da malamai na Sukuntuni tun suna raye. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan Dokta Shata da magabatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya, amin.