Dinya da Agashe: Naman Biki a Bakin Kogin Nilu

A ƙasashen Turai da dama, musamman Jamus, idan Kirsimati ta zo iyali sukan taru a kan gasasshiyar dinya. Dinya dai 'yar'uwar agwagwa ce, sai dai ta fi ta girma da tsawon wuya. Akan cika cikinta da albasa da gutsattsarin burodi da 'ya'yan itatuwa, a ɗinke, sa'an nan a sa ta a tanda. Mai karatu zai yi tsammani wannan abin Turawa ne tun asali. Amma wanda ya bi sawun tarihi zai tarar kiwon dinya ya daɗe ƙwarai a bakin Kogin Nilu, inda dubban Hausawa suke zaune a yau.

A shekara ta 1871 aka buɗe wani kabari a Medum ta ƙasar Masar, aka tarar da zanen dinya shida a jikin bango. An yi zanen wajen shekara 2,600 kafin haihuwar Almasihu. A kaburburan Sakkara kuma akwai hotunan barori suna ɗura wa dinya curin hatsi a baki domin ta yi ƙiba. Ke nan tun kafin zamanin Musa, Masarawa sun san darajar kitsen wannan tsuntsuwa.

Kitsen nan shi ne dalilin cushe. Dinyar gida kitsenta da yawa, tsokarta kaɗan. Idan aka cika cikinta, abin da aka cusa yakan shanye mai da romo, tsuntsuwa ɗaya ta ishi gida guda. Akan tsattsaga fatar domin kitse ya tsiyaye, a bar ta a wuta marar ƙarfi wajen awa uku. A Turai 'ya'yan dinya sukan kiwata a gonaki bayan girbi, su yi ƙiba daidai watan Nuwamba, shi ya sa ake cin ta ran 11 ga watan, ranar tunawa da Martin na Tur, da kuma lokacin Kirsimati. A labarin Kirsimati da Charles Dickens ya buga a Ingila a 1843, dinya ce abincin iyalin matalaucin akawu, talotalo kuwa sai mai hali.

A bakin Nilu ma cushe bai mutu ba. Larabawa suna ce masa mahshi. A Masar akan cusa wa tattabara da agwagwa shinkafa ko ɗanyen alkama da aka babbaka. Kiristocin Kibɗawa, waɗanda suke da ikilisiyoyi har a Khartum da Wad Madani, sukan yi azumin kwana 43 ba cin nama kafin Kirsimatinsu ta 7 ga Janairu, saboda haka naman ranar yana da daɗi na musamman. A Sudan kuwa, babban baƙo akan cika masa rago sukutum da shinkafa.

Wannan al'ada ce Hausawa suka tarar sa'ad da suka iso. Tun da daɗewa mahajjata suke ratsa Sudan a ƙafa zuwa Makka, waɗansu su yada zango su zauna. Amma babbar ƙaura ta biyo bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa, suka yi gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kudu da Sannar wajen 1906. Garin da suka kafa har yanzu sunansa Mai Wurno. Da aka gama dam na Sannar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo ƙarin ma'aikata daga ƙasar Hausa. Waɗansu suka bi kogi suka yi kudu har Rusairis, suna noma da su. A 1966 aka gama babban dam a can, tafkinsa ya ƙara wa masunta wurin sana'a.

Matafiyi ba ya ɗauke da tanda a ka. Abin da yake buƙata shi ne wuƙa, da tsinke, da garwashi. Saboda haka gashin da Hausawa suka kawo ya sha bamban da mahshi. Maimakon a cika cikin dabba a rufe, sai a yanka nama falle-falle, a shafe shi da garin gyaɗa da citta da barkono da gishiri, a soke a tsinke, a jera kewaye da wuta. Wato tsire ke nan. Mahshi sai an tara jama'a, amma wannan ko mai kuɗin tsinke ɗaya ya saya ya ci. Mutanen Sudan suna kiransa agashe, kunnen Bahaushe kuwa ba ya buƙatar tafinta kafin ya ji kalmar gashi a ciki. Daga unguwannin Hausawa ya bazu har manyan birane, na sa, da na kaza, da na kifi, ana ci da albasa da lemun tsami, har ya shiga jerin abincin da Sudan take alfahari da shi.

Naman ya zama ɗan gari da wuri, masu shi kuwa suka daɗe a bakin ƙofa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna Sudan tun kafin 1898, jama'ar da ta zo bayan Burmi kuwa ba ta cika wannan sharaɗi ba. Daga baya an sassauta dokar, amma kalmar baƙo ba ta bar bakin mutane ba. A watan Yuli 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu, har da Rusairis, tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, mutum fiye da 100 suka mutu. A watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, wajen 200 suka hallaka. A Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, ya kori miliyoyin mutane daga gidajensu.

Hausawan Rusairis Musulmi ne, babban naman bikinsu shi ne ragon layya. Mu kuwa a Kirsimati kaza ce, ko akuya, ko san da aka yi watanda. Amma harshenmu ɗaya, yajin da muke barbaɗawa ma ɗaya ne. A garuruwanmu akwai iyalan da suka yi shekara ɗari tare da mu, muna cin abincinsu, amma har yanzu muna ce musu baƙi. Wanda ya san abin da ya sami 'yan'uwansa a bakin Shuɗin Nilu, in ya raba naman biki bana, ya kamata kwano na farko ya tafi irin wannan gida.