Tallafin gwamnati ga jami'o'i da ƙungiyoyi: hanyoyinsa da sharuɗɗansa

Tallafin gwamnati kuɗi ne da hukuma ke bai wa wata makaranta, cibiya ko ƙungiya domin ta gudanar da wani aiki na amfanin jama'a, ba tare da an nemi ta mayar da kuɗin ba. A nan ya bambanta da rance, wanda ake biya, da kuma kwangila, wadda ɗan kasuwa ke karɓa don neman riba. Sai dai kowane tallafi yana tafe da yarjejeniya: aikin da za a yi, wa'adin kammala shi, da lissafin kowane kwabo. A Najeriya kowane rukuni na masu nema yana da tasa ƙofar, kuma yawancin buƙatun da ake watsi da su suna faɗuwa ne saboda an ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta dace ba, ko an je ba tare da cikakkun takardu ba.

Manyan makarantu da asusun TETFund

Babbar ƙofar jami'o'i ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund. Tushensa Doka ta 7 ce ta shekarar 1993, wadda ta kafa asusun harajin ilimi bayan gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU. Da farko asusun yana taimaka wa dukkan matakan ilimi, daga firamare zuwa jami'a, amma dokar shekarar 2011 ta taƙaita aikinsa ga manyan makarantu kaɗai.

Kuɗinsa na fitowa daga harajin da ake ɗora wa ribar kamfanonin da ke da rajista a ƙasar. An fara da kashi 2 cikin 100, aka ɗaga zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a ta 2023. Sababbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun haɗe wannan haraji da wasu a cikin harajin raya ƙasa guda ɗaya na kashi 4, wanda asusun ke karɓar kasonsa daga ciki. Dokar 2011 ta tsara rabon kuɗin a kan biyu, ɗaya, ɗaya: jami'o'i su ɗauki rabi, kwalejojin fasaha rubu'i, kwalejojin ilimi rubu'i.

Makarantun gwamnatin tarayya da na jihohi ne kawai ke cin gajiyarsa; masu zaman kansu ba sa ciki. Dole ne kuma makaranta ta samu amincewar hukumar da ke kula da ita: NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. Ana kashe kuɗin wajen gina ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, sayen littattafai, tura malamai ƙaro ilimi, halartar tarukan masana da buga mujallun bincike. Ana sakin kuɗin aiki kashi-kashi, kuma ba a ba da na gaba sai an gamsu da yadda aka kashe na baya.

Malamin da ke neman kuɗin bincike yana da hanya biyu. Akwai ƙaramin tallafi da yake nema ta hannun makarantarsa, akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, inda ake gasa tsakanin masana daga ko'ina. A can ana fara miƙa taƙaitaccen bayanin manufa. Wanda ya tsallake sai a nemi cikakken tsarin bincikensa, daga nan ya kare shi a gaban kwamiti.

Makarantun firamare da ƙananan sakandare

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC. Sharaɗin shi ne jiha ta fara ajiye nata rabin kafin ta karɓi na tarayya. Wannan sharaɗi ne ya sa biliyoyin naira kan yi shekaru a ajiye, alhali yara na karatu a ƙasa, domin wasu jihohin ba su biya nasu kason ba. Al'umma na shiga wannan tsari ta kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye, malamai da shugabannin gari, kuma buƙatunsa na bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

Ƙungiyoyin unguwa da na karkara

Ƙungiyoyin ci gaban gari sun fi samun tallafi ta shirye-shiryen da gwamnati ke gudanarwa da kuɗin Bankin Duniya. Shirin Fadama, wanda ya ɗauki sunansa daga kalmar Hausa, ya faro a farkon shekarun 1990, kuma matakansa na baya sun riƙa bai wa manoma, masunta da makiyaya kayan aiki ta hanyar ƙungiyoyinsu. Shirin CSDP, wanda ya fara aiki a 2009, ya bar wa al'umma zaɓin abin da ta fi buƙata, ko rijiyar burtsatse, ko ajujuwa, ko ɗakin shan magani, ko kwalbati. Jama'a ke zaɓen kwamitin da zai riƙe kuɗin, su kuma kawo nasu kason, galibi kashi 10 cikin 100, wanda ana iya biyansa da fili, yashi, duwatsu ko aikin gayya. Bayan annobar korona, shirin NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a ƙarshen 2020, ya ci gaba da amfani da waɗannan hukumomi na jihohi.

Abin lura shi ne, kuɗin da al'umma ke karɓa a matsayin tallafi bashi ne a wuyan gwamnati, wanda za a biya daga harajin jama'a. Saboda haka rijiyar da aka haƙa aka bari ta lalace asara ce sau biyu.

Tallafin gwamnatocin ƙasashen waje

Wasu ofisoshin jakadanci a Abuja suna ba da ƙananan tallafi kai tsaye. Na Japan yana da shirin tallafa wa ayyukan talakawa, wanda ya fi karkata ga gina ajujuwa, asibitocin karkara da samar da ruwa. Tarayyar Turai kan fitar da sanarwar neman buƙatu ga ƙungiyoyin farar hula. Mai neman kuɗin gwamnatin Amurka kuwa sai ya yi rajista a shafin SAM.gov ya karɓi lambar shaida, sannan ya duba sanarwa a Grants.gov. Wannan ƙofar ta ƙuntata ƙwarai tun shekarar 2025, lokacin da aka dakatar da yawancin taimakon Amurka ga ƙasashen waje, aka kuma rufe hukumar USAID. Ƙungiyoyin da suka jingina da mai bayarwa guda ɗaya su ne suka fi jin jiki.

Takardun da ake buƙata

Ƙungiya mai zaman kanta tana yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, a matsayin ƙungiya mai amintattu. Ana buga sunanta da na amintattunta a jaridu guda biyu, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bayan haka tana buƙatar lambar biyan haraji, da takardar sashen SCUML na hukumar EFCC, wanda ke sa ido kan halasta kuɗin haram, da asusun banki da sunan ƙungiyar. Kuɗin tallafi ba ya shiga asusun shugaba ko ma'aji. Ƙungiyoyin gama-kai suna rajista a ma'aikatar jiha, ƙananan ƙungiyoyin gari kuma a ƙaramar hukuma ko jiha.

Takardar neman tallafi mai kyau tana fayyace matsalar da za a magance, yawan mutanen da za su amfana, kasafin kuɗi dalla-dalla, jadawalin aiki, da wanda zai kula da aikin bayan kuɗi sun ƙare. Masu tantancewa na duba rahoton binciken kuɗi na shekarun baya, don haka ƙungiyar da ba ta adana rasit tun tana ƙarama za ta sha wuya ranar da babbar dama ta zo.

Hattara da 'yan damfara

Ana yawan yaɗa saƙonni a WhatsApp da Facebook da sunan tallafin gwamnati, ana neman kuɗin fom ko na tantancewa. Tallafi na gaskiya ba a sayen sa, kuma babu hukumar da ke tambayar lambar sirrin katin banki. Sanarwar hukumomin Najeriya na fitowa a shafukan da adireshinsu ya ƙare da gov.ng, ko a jaridu, ko a ofishin hukumar kanta. Duk wanda ya ce zai shigar da sunan ƙungiya idan aka yi masa alkawarin kaso, ko ma'aikaci ne ko ɗan tsakiya, ana iya kai ƙararsa ga ICPC ko EFCC. Shugabannin ƙungiyar da suka karkatar da kuɗin tallafi su ma waɗannan hukumomi ne za su tuhume su, domin kuɗin jama'a ne aka ba su amana.