Tarihin Wata Shida na IT, da Ɗalibin Kwamfuta Ɗan Kajiji

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako don waɗanda datarsu ba za ta kai su saurara ba.

Yau maganar IT za mu yi, wato wata shidan nan da ake tura ɗalibin jami'a ya je ya koyi aiki a wata ma'aikata. Duk wanda ke karanta kimiyyar kwamfuta ya san da zarar an shiga aji uku, hira ɗaya ce a ɗakunan kwana: "Kai ina ka samu wuri?" Wani ya samu a Abuja don kawunsa na can. Wani yana ta yawo da takarda ofis-ofis ana ce masa ya dawo gobe. Ni ɗan Kajiji ne, a ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, kuma na san yadda tambayar nan take yi wa ɗan ƙauye nauyi. Shi ya sa nake so mu koma baya mu ga wa ya ƙirƙiro tsarin, don wa aka yi shi, kuma me ya sa yake yi wa ɗalibin kwamfuta na yankinmu kamar rigar aro.

Haɗa karatu da aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan maƙeri a bakin zuga-zugi yake fara sanin ƙarfe, majemi da baduku kuwa a hannun ubangida suke gogewa, kuma da irin wannan koyo ne fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har ƙetaren Sahara. Abin da ya zo daga waje shi ne a sa jami'a ta tsara abin, ta ba shi maki. A shekarar 1906 wani malamin injiniyanci, Herman Schneider, ya fara haka a Jami'ar Cincinnati ta Amurka. Ya lura cewa ɗaliban da suka taɓa aiki a masana'anta sun fi saurin gane darasi, sai ya raba musu lokaci, wani a aji, wani a wurin aiki. A Kanada, Jami'ar Waterloo da aka kafa a 1957 ta ɗauki tsarin tun daga tushe, kuma yau tana cikin wuraren da manyan kamfanonin fasaha suke ɗibar ma'aikata.

A Najeriya labarin ya fara ne bayan yaƙin basasa. Kuɗin man fetur ya fara shigowa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuma tana son 'yan ƙasa su karɓi kamfanoni daga hannun baƙi, abin da ya haifi dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972. To amma wa zai riƙe injinan? Masu kamfanoni suna ta kukan cewa ɗalibin da ya fito daga jami'a ya haddace littafi, amma in an ajiye shi gaban inji sai ya tsaya yana kallo. A 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata, wato ITF, mai hedikwata a Jos, a 1973 kuma ITF ta ƙirƙiro SIWES. Shi ne abin da mu ɗalibai muke ce wa IT.

Da farko ITF ce ke ɗaukar nauyin komai. Da ɗalibai suka yi yawa kuɗi ya gaza, sai ta janye a 1978. A 1979 aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i ta NUC da hukumar ilimin fasaha ta NBTE. A ƙarshen 1984 aka sake mayar wa ITF, gwamnatin tarayya na biyan kuɗin. Tun daga nan fasalin bai canza sosai ba: ɗalibin jami'a wata shida, na kwalejin fasaha wata huɗu, littafin da kake rubuta aikin kowace rana, sa hannun mai kula da kai, ziyarar malami, sai rahoto da kare shi a gaban malamai. Alawus ɗin kuwa, shekara da shekaru naira 2,500 ne a wata, wanda yau ko kuɗin data bai kai ba.

Ku riƙe wannan: an ɗinka SIWES ne don Najeriyar masana'antu. A lokacin masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, Bompai da Sharaɗa a Kano sun cika da masana'antu, mu kuma a Sakkwato ga kamfanin siminti na Kalambaina. Ɗalibin injiniya yana da inda zai je.

Ita kwamfuta fa, ina take a lokacin? Tana cikin ɗaki mai sanyi, a kulle. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan, kuma daga irin waɗannan cibiyoyi ilimin ya fara yaɗuwa. Na'urar tana cika ɗaki guda. Ɗalibi zai rubuta umarninsa da yaren FORTRAN, a huda shi a jikin kati, ya miƙa wa ma'aikaci, ya dawo daga baya ya karɓi sakamako. In waƙafi ɗaya ya kuskure, sai ya sake bin layi. A Arewa, ilimin ya taso ne a ƙarƙashin sashen lissafi. Cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sunan Farfesa Iya Abubakar take ɗauke da shi, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar. A Jami'ar Sakkwato ma, wadda aka kafa a 1975 aka mayar da ita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, kwamfuta ta daɗe a matsayin reshe a sashen lissafi. In kun taɓa mamakin me ya sa aka cika muku kwas da lissafi, to ga asalinsa.

A nan akwai abin da ya kamata ɗan yankinmu ya sani. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsa ke maƙwabtaka da mu, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga siyasa. A mulkinsa, tsakanin 1979 da 1983, aka kafa jami'o'in fasaha na tarayya guda bakwai: Bauchi da Makurɗi da Owerri a 1980, Akure da Yola a 1981, sai Minna da Abeokuta a 1983. Manufar ita ce a samar da masu aiki da hannu da kai tare. Sai dai farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, masana'antu suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna ta rufe a 2002. Makarantu suna ƙaruwa, ɗalibai suna ninkuwa, wuraren da za a tura su kuwa suna raguwa.

Can kuma sai ga wata ƙofa ta buɗe. A 2001 aka kafa hukumar NITDA, a watan Agusta na shekarar kuma wayar salula ta fara aiki a Najeriya. Bankuna suka koma kwamfuta, shagunan intanet suka cika gari. Daga baya aka buɗe CcHub a Yaba ta Legas a 2011, Andela ta biyo baya a 2014, Mark Zuckerberg na Facebook ya ziyarci Yaba a 2016. Masana'antar kwamfuta ta samu, amma ta tare a Legas, sai ɗan abin da ya taɓa Abuja.

Yanzu ku dubi ɗan Kajiji. Ya kama titin nan ya ratsa Shagari da Boɗinga ya shiga Sakkwato karatu, wataƙila shi ne na farko a gidansu. An ba shi takardar neman wurin IT. Legas ta yi nisa, ba shi da masauki, kuɗin hayar wata shida kuwa ya fi abin da gonar gidansu za ta ba da a damina. Me ya rage masa? Ofishin gwamnati, ko shagon buga takardu, ko wurin wani ɗan uwa da zai sa masa hannu a littafi ba tare da ya zo ba.

Ni nawa a wani ofis na yi, ba zan kama suna ba. Mu bakwai aka tura, kwamfuta mai aiki guda biyu ce, ɗaya kuma ta mai gida ce ba a taɓawa. Aikinmu buga wasiƙa da ɗaukar hoton takardu, in wuta ta ɗauke a fito inuwa a zauna. Abin da ya cece ni wani ma'aikaci ne da ke haɗa wayoyin sadarwa na ginin. Na liƙe masa, ina riƙe masa tsani, shi kuma yana nuna min yadda ake matse kan waya da yadda ake raba wa kowace na'ura adireshinta. Abin da na koya a hannunsa cikin wata biyu shi ya fara ba ni abinci bayan na gama. Sauran abokaina kuwa littafinsu ya cika da rubutu, hannunsu wayam.

Ga inda tarihin ya juya, kuma shi ne dalilin shirin yau. Ɗalibin injiniyan siminti dole ya je inda tanderu yake, don ba a ɗauko shi a kawo gida. Ɗalibin kwamfuta kuwa masana'antarsa tana shiga jaka. Wannan sabon abu ne, waɗanda suka tsara SIWES a 1973 ba su san da shi ba.

Kuma akwai misalai a gida. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma babban ofishinta na Najeriya yake Kano, ta yi aikin taswira da tattara bayanai a yaƙi da shan inna, ta kuma taimaka wajen kafa cibiyoyin kula da aikin a jihohi har da Sakkwato. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020, kuma akwai hannun masu kwamfuta a ciki. A Kaduna an buɗe CoLab a 2016. Ga HausaNLP da Arewa Data Science Academy, inda masana irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad suke koya wa matasa yadda ake sa na'ura ta fahimci Hausa, kuma yawancin aikin ta intanet ake yin sa. Nan wuri ne da ɗan Kajiji ya fi ɗan Legas jari, don Hausar Sakkwato da yake ji tun yana goye ita kanta kayan aiki ce.

Hukumomi ma sun motsa. A 2022 aka sa hannu a dokar ƙananan kamfanonin fasaha, a ƙarshen shekarar kuma NUC ta fito da sabuwar manhajar da ta ware kwamfuta ta zama fanni mai zaman kansa, da rassa irin su tsaron intanet da injiniyancin manhaja da kimiyyar bayanai. A 2023 aka ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku. Amma fa dokar da aka rubuta a Abuja ba ta kawo wuta Kajiji, ba ta saya wa kowa kwamfuta. Matsalar wuta da tsadar data da raunin sabis a ƙauye gaskiya ce, kada wani ya raina muku ita.

To, ƙannena masu shirin fita, me tarihin nan ya koya mana? Takardar wuri dole ce, don sai makaranta ta amince da inda za ka je, saboda haka ku fara nema tun kuna aji biyu. In ka samu wuri, kafin ka karɓa ka tambaya: wa zan zauna a ƙarƙashinsa, kuma me yake yi da hannunsa? Ƙaramin shago mai gwani ɗaya ya fi babban gini da ba mai kula ka. In kuma ƙaddara ta kai ka inda ba aiki, kada ka bar watannin su tafi a banza. Duba abin da ake wahala da shi a wurin, rajistar ma'aikata ce ko lissafin kaya, ka gina musu ɗan abin da zai sauƙaƙa. Ko ka duba gida: mai shagon magani da ke rubuta bashi a littafi, dillalin albasa, makarantar Islamiyya da ke haɗa sakamakon yara da hannu. Ka gina, ka ba su su gwada, su kushe, ka gyara. Ka ajiye aikin a GitHub, don ranar neman aiki abin da za a ce maka shi ne "nuna mana abin da ka taɓa yi."

'Yan uwa mata kuma, na san da yawa ba za a bar ku ku tafi wani gari wata shida ba. Ku nemi wuri a kusa da gida don cika sharaɗin makaranta, sannan ku shiga irin ƙungiyoyin koyo na intanet da na ambata, akwai mata a cikinsu suna aiki sosai.

Su kuma manyanmu da suka riga suka samu wuri a kamfanoni da ma'aikatu, ga roƙo: kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya a shekara, ya zaunar da shi kusa da shi, ya bar shi ya taɓa aikin gaske. Haka maƙeran garinmu suka yi, shi ya sa sana'arsu ta kawo yau.

Wanda ya yi IT, ya faɗa mana a ƙasa: ina ka yi, kuma me ka fito da shi? Wanda kuma yake da gurbi a wurin aikinsa ya sanar, akwai masu nema. Ku tura wa ɗan aji biyu ko aji uku da kuka sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, na bar ku lafiya.