Ofishin jakadancin Nijar a Najeriya: daga Legas zuwa Abuja

Ofishin jakadanci shi ne wakilcin gwamnatin wata ƙasa a babban birnin wata. Jakada ne ke shugabantarsa, kuma ba ya fara aiki sosai sai ya miƙa takardun kama aiki ga shugaban ƙasar da aka tura shi. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ce ta tsara haƙƙoƙin irin waɗannan ofisoshi, ta 1963 kuma ta shafi ƙananan ofisoshin jakadanci, masu kula da takardun jama'a.

Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Najeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. Iyakar da ke tsakaninsu ta kai wajen kilomita 1,500, kuma ta ratsa dangi, kasuwanni da makiyaya. Mutumin Dakoro da ke kai dabbobi kudu, ko yake tafiya cin rani Katsina da Kano, bai taɓa jiran izinin wani jakada ba. Amma da aka zama ƙasashe biyu, sai zumunta ta bukaci takarda da hatimi. Legas ce babban birnin Najeriya a lokacin, don haka can aka fara ajiye ofishin, nesa ƙwarai da yawancin ƴan Nijar mazauna arewa.

Babban gwaji na farko shi ne yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970. Shugaba Diori Hamani ya goyi bayan gwamnatin tarayya, alhali Faransa ta karkata ga Biyafara. Ga ƙasar da ke dogaro da taimakon Faransa, wannan ba ƙaramin tsayin daka ba ne. A Yamai aka yi zaman neman sulhu a watan Yuli 1968. Bayan yaƙin, a 1971, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, wadda ta zama abokiyar aikin ofisoshin jakadancinsu. A 1990 kuma aka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Gulbin Maradi.

Shekarun da suka fi tsanani su ne na 1980. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, ciki har da ƴan Nijar masu yawa, duk da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan ƴancin zirga-zirga. A Afrilu 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa domin canjin kuɗin naira, ba a buɗe su ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari. Hatsi ya daina shigowa, dabbobi suka rasa kasuwa, har mutanen yankinmu suka laƙaba wa yunwar sunan "El Buhari", sunan da dattawan jihar Maradi ba su manta ba. A irin wannan hali ne ake gane amfanin wakilin da ke iya shiga ma'aikatar harkokin waje ya yi magana, ake kuma gane iyakar ƙarfinsa: jakada yana roƙo, yana tunatarwa, ba shi ke buɗe iyaka ba.

Ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnatin Najeriya ta koma Abuja, ofisoshin jakadanci suka bi ta sannu a hankali, har da na Nijar. Tafiya ta ragu ga mutanen arewa. Duk da haka, ƙofar da ta fi kusa da ɗan Dakoro ita ce ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano. Irin wannan ofishi ne ke yi wa mazauna waje rajista ya ba su katin shaida, yake ba wanda fasfonsa ya ɓace takardar komawa gida, yake kuma ziyartar wanda aka tsare. Ba ya biyan bashin kowa, ba ya hana kotu yin shari'a. Wanda zai daɗe a Najeriya gara ya yi rajista tun yana cikin kwanciyar hankali, ya kuma tafi da takardar haihuwarsa.

An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, sabbin hukumomin Yamai kuma suka kawo ƙarshen aikin jakadansu a Abuja a farkon Agusta. An buɗe iyakar a Maris 2024. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, wanda ke nufin batutuwa da dama da a dā ake kaiwa gaban ƙungiyar sun koma hannun gwamnatocin biyu da wakilansu. A Afrilu 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, inda suka tattauna kan farfaɗo da aikin hukumar haɗin gwiwa ta 1971.