Daga Zaure Zuwa Jami'a: Tarihin Kalmomin Nazarin Adabi a Zariya

Kowane fanni na ilmi yana da keɓaɓɓun kalmominsa, kuma da su ne ɗalibi yake gane abin da ke gabansa. Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmomin da ake feɗe waƙa da ƙagaggen labari da su, domin a nuna cewa daga maɓuɓɓuga uku suka kwararo, kuma duka ukun sun haɗu a Zariya.

Maɓuɓɓuga ta farko ita ce zaure. Tun kafin zuwan Turawa, birnin Zariya ya shahara da karatun nahawu da lugga, musamman a Unguwar Juma da Unguwar Kona. Almajirin da ya sauke littattafan farko yakan shiga balaga da aruli, wato ilmin ma'aunin waƙa wanda Halilu ɗan Ahmadu ya tsara a Basra a ƙarni na 8. Daga nan ne Hausa ta sami baiti da ƙafiya da tahamisi, da sunayen karuruwa irin su Basiɗ da Kamil da Mutaƙarab. A wannan yanayi ne Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, ya yi waƙoƙinsa cikin ajami.

Sai dai ma'aunin zaure na waƙa ne. Da Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin R. M. East, ta shirya gasar rubutu a 1933, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ga labari ya samu, amma babu kalmomin tarkensa. Aruli ba ya auna tauraron labari, ƙafiya ba ta bayyana yadda aka ƙulla zaren labari aka warware shi.

Maɓuɓɓuga ta biyu ita ce boko. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Hausa ta zama fannin digiri, amma da farko da Ingilishi ake bayanin adabinta. Malamai suka ga rashin dacewar haka. A 1973 Ɗalhatu Muhammad ya fitar da jerin kalmomin nazarin adabi a mujallar Harsunan Nijeriya, kuma shi ne editan Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda ya fito a 1990. A Kano kuwa, Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara hanyar nazari da ya kira Gadon Feɗe Waƙa.

Abin lura shi ne, waɗannan malamai ba su tsaya ga aro ba. Sun koma ga maɓuɓɓuga ta uku, wato rayuwar Bahaushe. Jigo a wurin mai lambu shi ne icen da yake ɗaga ruwa da shi daga rijiya. Sai ya zama sunan saƙon da ya ɗauki nauyin waƙa ko labari. Feɗewa aikin mahauci ne, amshi na makaɗa ne. Inda zaure yake cewa tashbihi sai aka ce kamantawa, aka maida isti'ara siffantawa, ƙafiya ta sami abokiyar zama, wato amsa-amo. Aka kuma ƙera mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa bisa tsarin ginin kalma na Hausa. Daga wannan taska ne nazarin zube ya ɗebi jigo da salo da zubi da tsari.

Wannan aiki ya yi amfani ƙwarai, amma akwai wurin taka-tsantsan. Aliyu Namangi, mai Imfiraji, wanda ya rayu a Zariya har rasuwarsa a 1990, makaho ne: da ka yake tsara baitocinsa, ya rera, wasu su rubuta. Manazarcin da ya kasa waƙa gida biyu, ta baka da rubutacciya, ya tsaya nan, zai rasa inda zai ajiye shi. Haka kuma wanda ya ƙidaya gaɓoɓi ya laƙaba sunan karin Larabci, bai saurari rerawa ba, ya bar rabin waƙar a baya.

A ƙarshe, wajibi ne malami ya koyar da kowace kalma tare da asalinta. Ɗalibin da ya san jigon lambu ba zai wadatu da cewa jigon waƙa wa'azi ne ba. Zai nemi ya nuna yadda saƙon ya ɗauki kowane baiti. Wanda kuwa ya haddace sunaye kawai don jarrabawa, yana da wuƙa a hannu, amma bai iya fiɗa ba.