Taskar Littattafan Azhar: Yadda Aka Tattara Abin da Ya Warwatse

Tun daga shekarar 972 Miladiyya, lokacin da aka fara sallar Juma'a a masallacin da Jauhar Assiƙilli ya gina wa halifan Faɗimiyya Mu'izzu a birnin Alƙahira, Azhar ba ta taɓa rabuwa da littattafai ba; sai dai ƙarnuka da dama sun shuɗe ba tare da an haɗa su ƙarƙashin rufi ɗaya ba, domin kowane ruwaƙi, wato sashen da almajiran wata ƙasa ke kwana suna ɗaukar karatu, yana da tasa taskar ta waƙafi, makullinta a hannun shehin ruwaƙin. Magaribawa na da tasu, Turkawa da mutanen Sham na da tasu, mutanen Barno da na Tukururu ma suna da ruwaƙansu. Malamanmu ba baƙi ba ne a wannan birni, gama Shaihu Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya shahara a ilimin hisabi da aufaƙi, a Alƙahira ya rasu a 1741, a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, kuma shi ya bar wa littattafansa.

Wannan rarrabuwa, ko da yake ta dace da sharuɗɗan masu waƙafi, ita ce ta zama ƙofar asara. Masana tarihi sun fi ambaton ta'asar 1798, sa'ad da sojojin Faransa suka kutsa masallacin da dawakinsu bayan boren mutanen gari, suka fasa akwatunan ɗalibai, suka watsar da littattafai da Alƙur'anai a ƙasa, kamar yadda Abdurrahman Aljabarti, ɗan mai masaukin Alkashinawi, ya tabbatar a tarihinsa. Amma a ganina ɓarnar da ta fi wannan girma ita ce wadda aka yi a hankali cikin kwanakin lumana: littafin da aka ara ba a mayar ba, juzu'in da bangonsa ya rabu da cikinsa, warƙoƙin da danshi da tsutsar takarda suka cinye a bayan akwati, da kuma waɗanda suka sulale zuwa hannun dillalai, alhali babu fihirisar da za a duba a gane cewa sun ɓata.

Wanda ya tashi tsaye a kan al'amarin shi ne Shaihu Muhammad Abduh, Allah ya jiƙansa, a matsayinsa na wakili a majalisar gudanar da Azhar, zamanin da Shaihu Hassuna Annawawi ke shugabancinta. A 1897 aka kafa taska guda, aka kwaso abin da ya samu daga ruwaƙai da wasu masallatai, aka tara mujalladi fiye da 7,000, da yawansu sai da aka zauna ana haɗa warƙa da 'yar'uwarta kafin a san ko wane littafi ne. Ba kowa ya yarda ba. Magaribawa sun riƙe tasu taskar, kuma ba za a yi saurin zarginsu ba, tun da canza wa waƙafi mazauni mas'ala ce da fuƙaha'u suka daɗe suna taka-tsantsan da ita.

Mazaunin da aka zaɓa shi ne makarantar Aƙbugawiyya, ginin zamanin Mamalik na 1340, da ke gefen ƙofar shiga masallaci, sannan da wuri ya yi kaɗan aka haɗa da Ɗaibarsiyya mai fuskantarta, wadda ta girme ta da shekara kamar talatin. Da mutane suka ga an sami amintaccen wuri, sai manyan gidaje suka fara miƙo gadonsu, irin su magadan Sulaiman Basha Abaza, kana daga bisani aka buga fihirisa mai mujalladai da dama a ƙarƙashin kulawar Shaihu Abul Wafa Almaragi.

Gini mai shekara ɗari shida da ɗoriya, komai kyan mihirabinsa, ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba. Ga ƙura, ga ƙunci, ga girgizar ƙasar 1992 da ta tsattsage tsofaffin gine-ginen Alƙahira. A 1994, zamanin Shaihu Jadul Haƙƙi Ali Jadul Haƙƙi, aka mayar da taskar wani sabon bene mai hawa 14 a unguwar Darrasa, inda masu gyara ke kashe ƙwari, su liƙe yagaggun warƙoƙi, su sake ɗinkin bango. A farkon shekarun 2000 kuma Shaihu Muhammad bin Rashid na Dubai ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton rubuce-rubucen hannu, waɗanda ake ƙiyasta sun haura 40,000, domin mai bincike ya karanta a kwamfuta ba tare da yatsansa ya taɓa takarda ba.

Mai karatu da ke Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, wanda kakansa ya bar masa gafakoki a soro, gara na zagayensu, kada ya jira sai an gina masa bene mai hawa 14. Ya samo malamin da ya iya karanta tsohon rubutu, su zauna su rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da adadin warƙoƙinsa, kafin magada su zo rabo.